Rasuwar Hatimin Shagon Turare

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ido da kunya ta hana ɗagowa, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar hatimin shagona na turare. Ya cika ranar Talata da hantsi, a hannuna, bayan shekara goma sha huɗu yana bakin aiki.

Marigayin ɗan guntun katako ne mai roba a ƙasa, kuma aikinsa ɗaya. Idan mutum yana son yin kyauta amma bai san ƙamshin da za a so ba, sai ya sayi takardar kyauta, in rubuta sunan mai rabo, hatimi ya sauka a kai, mai rabo ya zo ya zaɓa da hancinsa. Bai taɓa makara ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. Maganarsa biyu ce tak a duniya: dab a kan tawada, dam a kan takarda. Mai ɗinkin da muke bango ɗaya da ita takan ce da wannan ƙarar take gane ciniki ya faɗa.

Ciwon ajalinsa ni na jawo masa. Bara ƙanwata, wadda ta karanci kwamfuta, ta haɗa mini manhajar sayar da takardun kyauta ta intanet. Mutum yana kishingiɗe a ɗakinsa zai saya, lamba ta tafi wayar wanda aka yi wa kyautar, da gaisuwa da hoton fure, ban ɗaga ko yatsa ba. Har tuni take aikawa da kanta idan ranar kyauta ta kusa zagayowa. Manhajar ta yi aikinta, ba ta da laifi. Ni ce kaina ya kumbura. Teburin shagon yana da gajeriyar ƙafa ɗaya, sai na ɗauki hatimin da ya ciyar da ni shekara da shekaru na cusa a ƙarƙashinta. Har da dariyata nake nuna wa mutane, ina cewa tsoho ya samu aikin da ya dace da shi. Kusan shekara ya yi a wurin, ƙura da ruwan goge ƙasa suna cinsa, bai ce uffan ba.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Mai Lema, don ko rana ko ruwa ba ya rabuwa da ita. Duk shekara, ranar zagayowar aurensu, yakan saya wa matarsa takarda. Bara na hana shi, na ce zamani ya wuce nan, na karɓi lambarsa na shigar da ranar a manhaja. Bayan wata shida mai ɗinki ta gaya mini matar ta rasu. Na ce zan je gaisuwa. Ban je ba. Ko sunanta ban cire ba.

Ranar Talata ya shigo, ya jingine lemarsa, ya miƙo mini wayarsa. Saƙon shagona ne a jiki: "Kada ka manta! Saura kwana uku. Faranta ran uwargida da turare!" Ga jajayen furanni a ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Baba, ka yafe mini, wallahi inji ne ya..."

"Ba faɗa ya kawo ni ba, 'yata," ya ce. "Da ma ban manta ba. Kin san in ta karɓi turarenta takan ce ki bar mata takardar. Na same su a akwatinta, ɗaure da zare. Ta bara ce kawai babu. Rubuta mini ita, ki buga abin nan naki, in haɗa da sauran."

A gabansa na durƙusa. A gabansa na ɗaga teburin da kafaɗa, kwalabe suna karo da juna, na zaro marigayin daga inda na ajiye shi. Baba ya kalle shi, ya kalle ni, ya kau da kai, kuma wannan kau da kan ya fi mini mari zafi. Tawadar ta bushe, na ɗiga mata ruwa. Na rubuta sunan matar. Da na danna, ba dam na ji ba. Ƙas ya ce, katakon ya rabe biyu. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Rabin sunan shagon ne kawai ya fito.

Baba ya hura takardar, ya ninke ta a hankali. "Ya isa," ya ce. "Ta san sauran."

Marigayin ya bar gidan tawada, abokiyar zamansa, wadda ba ta ƙara buɗe baki ba. Ya bar rabin littafin takardu marayu da biro ɗaya mai igiya a wuya. Ya kuma bar manhajar, wadda har yanzu ba ta san an yi rashi ba. Ƙanwata ta nuna mini inda ake dakatar da saƙo, ashe tun farko wurin yana nan, ni ce ban taɓa dubawa ba. Jiya na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, na samu mutum biyu da su ma aka yi musu rashi, sai da na kira su da bakina.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a shagon. Za a naɗe shi a sabon hankici, a shafa masa turaren da ba na buɗe wa kowa, a kwantar da shi a aljihun tebur na sama. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Mai son yi ya tako da ƙafarsa. Idan aka ga na makara, a yi haƙuri a jira ni. Zan fara biyawa ta gidan Baba Mai Lema, in kai gaisuwar da ta yi wata shida a wuyana.