Rasuwar Kwamfutar Shagon Hatimi na Kuo Wen-tsai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda takaici ya fi yawa a cikinsa, Dattijo Kuo Wen-tsai, mai sassaƙa hatimi a layin bayan kasuwa, birnin Tainan, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha uku.

Marigayiyar ba ta da sauri, amma ba ta taɓa ƙin aiki ba. Da safe takan yi "ƙit" sau ɗaya, fankarta ta ja dogon numfashi, shi ke nan. Tun da idon Dattijo ya daina ganin bakin wuƙa, ita ke ba injin sassaƙa umarni. Injin kuwa tsohon yayi ne, kamfaninsa ya rufe, ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai ita.

Ba ciwo ne ya kashe ta ba, suruki ne. Hsiao Chia-hung, mijin 'yar Dattijo, ya ce ta cika nawa, zai ƙara mata RAM, sandar ƙwaƙwalwa. A jikin sandar da ke cikinta an rubuta DDR3 ɓaro-ɓaro. Bai duba ba, ya sayo DDR4.

"Baba, huɗu ai ta fi uku," in ji shi. "Ko ɗan firamare ya sani."

Kama da wane ba ta wane. Kowace sanda tana da tsaga a gindinta, an kuma bambanta wurin tsagar da gangan, don kada wawa ya cusa wata a gurbin wata. Sanda ta ƙi shiga. Mai hankali da ya tsaya ya tambaya. Shi sai ya ɗauki magagarin Dattijo, na gyaran hatimi, ya goge haƙorin cikin gurbin da ke hana ta shiga, ya danna da manyan yatsu biyu, ya kunna.

Ba ta yi "ƙit" ba. Ta yi "tas", ta yi ƙauri.

Uwargida Tseng mai gyaran kwamfuta ta leƙa ciki, ta leƙa fuskar surukin, ta ce, "Digiri biyu aka ce kana da su? To babban allon da ke cikinta ya ƙone. Irinsa ko a bola sai an dace."

Garin neman gira an rasa ido.

Ta rasu ta bar inji da ya zama kurma, da hatimin aure na mutum shida da ba a sassaƙa ba, da tsoho wanda ba ya iya koma wa wuƙa.

Za a fitar da gawa ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma, idan motar shara mai kiɗa ta iso, a miƙa ta ga motar tsofaffin kaya da ke binta. Surukin zai ɗauka, shi kaɗai, mutanen layi na kallo. Kada a kawo furanni. Masu hatimi su zo kafin lokacin su karɓi duwatsun da suka kawo a sassaƙa musu, domin daga jana'iza Dattijo zai ja ƙofar shago, kuma ba zai buɗe ranar Juma'a ba, ko wata rana bayanta.