Ranar da Na Yi wa Malam Sabi'u Addu'ar Mamaci

Akwai wata manhajar waya ta kyauta mai tuna wa manoma lokacin shuka. 'Yan sa kai ne ke kula da ita, ni ma ina taya su gyaran Hausarta idan na sauke tukunya. Jagoranmu Malam Sabi'u ne, mutumin wajen Watari.

Sai Malam ya yi shiru, gyare-gyare suka taru ba mai amincewa da su. Tunda ya taɓa ba ni izinin shiga inda ake sarrafa manhajar, na ga ai amana ce ta faɗo kaina. Lambarsa na cikin wayata, amma raina ya ba ni mai himma irinsa ba ya shiru sai in ta Allah ta kasance. Na sha kukana, na cire sunansa daga gurbin jagora na sa nawa, na rubuta a shafin farko: "Allah ya jiƙan Malam Sabi'u, ya sa aikin nan ya zame masa sadaka mai gudana." Har na yaba wa kaina yadda jimlar ta zauna.

Kafin la'asar masu ta'aziyya sun cika ƙofar gidansa, matarsa na ta salati. Shi kuwa yana can gonar tumatir, wayarsa ce ta faɗa ruwa.

Ya ari waya ya kira ni: "Amin, Hajiya. Amma da kin tambaye ni, da na faɗa miki ban mutu ba."

Har yau in maigidana zai tafi kasuwar Ɗambatta sai ya leƙo kicin ya ce, "In na yi yamma mota ce. Don Allah kar ki sanar da komai."