Rasuwar Agogon da Ya Riga Ni Faɗa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Rufaida matar Ɗahiru, ta Ƙafin Maiyaki, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar agogon hannuna, baƙin nan mai fuska irin ta waya, wanda ya cika ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya shigo gidanmu ne a aljihun Ɗahiru, tsaraba daga Kano, ya kuma rayu cikin hidima. Shi ke tashina sallar asuba da ɗan zirrr ɗinsa a wuyan hannu, ba tare da ya tashi kowa ba. Ya san bugun zuciyata da zafin jikina, har barcina ya sani. In na daɗe a zaune sai ya yi ƙit-ƙit, wai in tashi in motsa, sai ka ce uwar miji. Na so shi, wallahi. Ko wanka zan shiga sai na samar masa wuri mai kyau a kan taga.

An ce a ambaci mamaci da alheri, to amma marigayi ba ya riƙe magana, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ranar da aka kawo shi, mai gyaran waya na bakin tasha ya ce ba sai an sha wahalar buɗe sabon imel ba, tunda akwai wanda ya buɗe wa gidanmu tuntuni, duk wayoyin gidan a kansa suke. Haka kowa ke yi a garin nan. Ashe duk abin da agogon ya ji a jikina yana fitowa a wayar Yaya Lubabatu, yayar mijina.

Da damina na samu ciki. Sau biyu a baya ina samu yana zubewa, kowane karo gida ya cika da masu jaje da masu kawo saiwa. Wannan karon na ce ba mai ji sai ya yi ƙwari. Ko Innata ban gaya wa ba, da ma wace 'ya ce za ta buɗe baki ta gaya wa uwarta wannan? Na koma manyan hijabai, ina haɗiye amai a gaban mutane. Shi kuwa marigayi yana nan maƙale a hannuna yana auna ni, har ya gane wata ya wuce ni. Rannan sai ga Yaya Lubabatu da ƙullin tsamiya tana murmushi: "Amarya, ashe abin arziki muka samu? Waya ce ta gaya min." Kafin la'asar labari ya kai har garin Kiru.

Cikin ya zube a wata na uku. Gida ya sake cika, na sake zama a tsakiya ana kallona.

Watanni bayan na dawo daga asibiti ne marigayi ya suɓuce cikin bokitin wanki. Aka kwantar da shi a buhun shinkafar Tiga ko ruwan zai tsotse, ya yi ƙit sau ɗaya, fuskarsa ta ɗauke.

Ya rasu ya bar caja ɗaya, da kwalinsa, da farin zobe a fatar hannuna. Ya kuma bar duk abin da ya ji a jikina. Na roƙi mai gyara ya goge, ya ce, "Hajiya, ai ba a cikin agogon yake ba, yana can wajen kamfanin, ƙasar waje. Ni kaina ban san wa zan kira ba." Daga can ne magadansa suke aiko min da talla a waya, yau rigar jarirai, gobe bahon wanka, suna taya ni ƙirga watanni. Na goge, sun dawo. Na gaji, ban san yadda zan yi ba.

Za a binne marigayi gobe bayan la'asar a gindin zogalen bayan ɗakina. Ba sallah, ba zaman makoki, kuma don Allah kada kowa ya kawo abinci ko saiwa. Mai son ya yi min ta'aziyya, in ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a gaya wa mutanen can cewa babu jaririn, ya taimaka ya gaya musu. Yau da safe ma zanin goyo suka turo min, wai saura kaɗan.