Yadda Za Ka Gyara Bokitin Taraktar Surukinka Ba Tare da Ka San Komai Ba

Kai da ka auri 'yar mai tarakta, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan shida, kafin la'asar sunanka zai zaga gari. Sadisu na Limawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma har gobe ana maganarsa a Miga.

1. Iso a kan gaɓa, cikin farar shadda

Sadisu ma'aikacin ofis ne a Dutse. Wata Asabar ya kai matarsa Hindatu Miga gaida iyayenta, ya tarar da surukinsa, Alhaji Nata'ala, a bakin garke yana zagaya 'yar taraktarsa. Bokitin gaba ya ɗebi taki, ya tashi sama, ya ƙi saukowa. Direban, Malam Gaji, ya tafi ta'aziyya Kafin Hausa, shi ya sa Alhaji ya hau da kansa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga gona ba ta ga taki ba.

"Malam Sadisu, ko ka san kan abin nan?" in ji Alhaji.

A nan kada ka kuskura ka ce a'a. Sadisu ya taɓa kallon bidiyon gyaran tarakta na minti huɗu a waya.

"Baba, ai ƙaramin abu ne," in ji shi.

2. Zagaya sau uku kana girgiza kai

Tsugunna ka leƙa ƙasa. Shuri taya, ko da yake babu ruwan taya. Daga nan ka miƙe a hankali, ka ce, "Haidirolik ne." Babu mai kama ka da ƙarya, domin duk motsin bokitin nan mai ne ke yinsa. Da Sadisu ya faɗi kalmar, maƙwabta biyar da suka taru suka dubi juna. Wani ya ce, "Boko dai ya yi."

3. Zare gejin mai ka shinshina

Sadisu ya zare, ya ga mai a cike, babu kumfa, babu datti. Bakanike na gaskiya zai ce to ba nan ba ne, ya wuce ya duba libar da ke ɗaga bokitin. Kai ba shi ba ne. Murza man tsakanin yatsu, ka dubi sama, ka ce, "Iska ta shiga." Iska ba a ganinta, saboda haka ba a musu a kanta.

4. Toshe bakin mai shawara

Hindatu ta fito da ruwan sha, ta rage murya.

"Ko a kira Malam Gaji a waya?"

"Haba, mutum yana zaman makoki? Koma ciki, yanzu za ki ji an gama."

Ta dubi shaddar, ta dubi bokitin, ta koma. Lura da kyau, tausayin mutane ne ya hana ka kira, ba girman kai ba.

5. Kwance tiyon da ya fi kusa da hannunka

Masu aikin sun ce ba a taɓa tiyo sai bokiti yana ƙasa. Amma da yana ƙasa, me za a neme ka ka yi? Sadisu ya karɓi sifana ya kama notin tiyo. Ido goma sha biyu na kansa.

"Baba, ɗan matso ta gaba ka gani in ya motsa."

Ya murɗa. Mai ya yi tsartuwa, ya wanke masa ƙirji. Bokitin ya sunkuya kamar zai yi gaisuwa, ya juye takin garke guda a gaban Alhaji. Da ƙura ta lafa, dattijon yana tsaye, taki har gwiwa, hularsa ta canja launi.

"Ya motsa," in ji Alhaji.

6. Karɓi sakamako da tawakkali

Bayan azahar Malam Gaji ya sauka daga acaɓa. Ya hau taraktar, ya tura wani ɗan ƙarfe a gindin liba da yatsa ɗaya.

"Alhaji, makullin liba ne ya shiga. Hannun rigarka ne ya ja shi. Wa ya zubar da man?"

Duk aka juya aka dubi Sadisu. Notin tiyon ya lalace, sai an samo wani daga Kano, kwana uku ke nan. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya shiga gida ya yi wanka, ya fito da shebur.

"Malam Sadisu, tunda ka iya saukewa, lodawa ba za ta gagare ka ba. Ga amalanke can."

Sawu goma sha ɗaya ya yi zuwa gona kafin ruwa ya sauko, na ƙarshen a jiƙe. Surukarsa ta aiko masa da tuwo har bakin garke, wai kada ya wahalar da kansa da shigowa.

Gargaɗi

Duk abin da ya samu shaddarka, taraktar mutane ko zaman aurenka, babu hannuna. Bokiti yana karya ƙafa, man nan yana huda fata, ni kuma ban taɓa cewa ka saurare ni ba. Masu yaɗa cewa ni ne Sadisu su kawo shaida. Warin da ake ji in na shigo ofis na awakin maƙwabta ne.