Fentin Azurfa a Madubin Alhaji

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya a bakin kogi a Garu, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina jiran shagon kawuna a kasuwar Malanbil, ba ni da aiki in babu mai saye sai karatun littattafan soyayya da ake kawowa daga Gaya. A cikinsu na koyi cewa saurayi ba ya samun mata sai ya yi wata bajinta a gaban ubanta. Ni kuwa ina son Rakiya, ɗiyar Alhaji Sumaila, manomin shinkafa mai shanu a gungun tsakiyar kogi. Ita tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. (Ni a aji uku na kwaleji na ajiye, ina ganin wanda zuciyarsa ta cika ba ya buƙatar lissafi.)

Alhaji yana da madubin hangen nesa, wanda muke kira jimel, da shi yake duba shanunsa daga gaɓa. Wata rana ya yi ƙorafin ƙura ta shiga ciki. Na ce, "Baba, ba ni shi, aikin hannuna ne." Ban taɓa buɗe ko rediyo ba.

Na sa turnabis, abin kwance noti, na kwance shi. A kowane ɓangare na tarar da ƙananan gilasai masu kusurwa uku, garau kamar ƙanƙara. Na juya su, na ce na gano cutar: kowane madubi yana da azurfa a bayansa, waɗannan tasu ta goge. Na je wurin mai gyaran moto na samo fentin azurfa, na shafe bayan kowanne da gashin kaza, a hankali, ina hango yadda Alhaji zai dafa kafaɗata. Na ɗaure, na naɗe a sabon ƙyalle. Ban leƙa ba, wai don idonsa ya zama na fari.

Kafin in mayar, ruwa ya zo. Kogi ya cika ya cinye gonaki, Isufu wan Rakiya kuwa yana gungu wurin shanu. Aka aiko mini da sassafe in kawo jimel. Na tarar da gari duka a gaɓa, mata sun yi cirko-cirko, kwale-kwale mai inji ɗaya ne, mansa kuma ba zai kai shi wuri biyu ba. Can nesa ana ganin baƙin abu a sama, wajen da ruwa ke fitowa, da kuma wani a ƙasa, wajen da yake gangarawa. Ana so a san wanne ne mutum.

Alhaji ya warware ƙyallen, ya ɗora a ido. Ya juya. Ya goge da bakin riga, ya sake ɗorawa.

"Yaro, mi ka yi mishi? Duhu nika gani."

"Azurfa na sa masa, Baba," na ce, kuma (Allah ya yafe mini) da murmushi na faɗa.

Rakiya ta karɓa ta leƙa. Ba ta ɗaga murya ba, na fi so da ta zage ni.

"Malam, gilashin nan ba ya son azurfa. Haske in ya shiga ya bugi bayan a karkace, ba ya iya fita cikin iska, sai ya komo ciki gaba ɗaya. Iskar da ke bayansa ita ce madubin. Ka rufe ta da fenti, hasken ya shige fentin ya mutu."

Wani tsoho a bayana ya ce, "To, a ba shi ya shahwa ma kogin shi ma."

Ba wanda ya yi dariya. Aka yi canke, kwale-kwale ya nufi sama. Abin da suka tarar kututture ne da mushen maraƙi. Sai da aka aika zuwa garin Madekali neman mai, rana ta karkata kafin a isa ƙasa, inda Isufu ya wuni rungume da reshen giyayya, hannuwansa sun daina buɗewa. Ya rayu, bayan jinya mai tsawo. Ni kuma duk wunin nan ina tsaye da ƙyalle a hannu, na rasa wurin ajiye shi.

Ba a kore ni daga gidan ba. Tabarma kawai aka daina shimfiɗa mini, gaisuwata ta koma samun amsa ta bayan zana, har na gane da kaina. Rakiya yanzu ungozoma ce a Kandi, da 'ya'yanta.

Abin da na koya shi ne, in na ga abu yana aikinsa ban gane dalili ba, in zuba hannuwana aljihu in tambaya. Matata ta ce darasin ya shige ni fiye da kima: ko kwan lantarki ya mutu a gidanmu, maƙwabci muke jira.