Yatsu Biyu a Manassas

Shekara uku ina koyon kunfu, wato faɗan 'yan China, irin na gasa, mai tsalle da juyi a iska, har lambar yabo gare ni. Wata safiya mai hazo a wani lambu a garin Manassas, ni da abokina Sani muka hangi wani tsoho ɗan China yana motsi a hankali, ko ganye ba ya ƙara ƙarƙashin ƙafarsa.

Na ce, "Baba, wannan ai rawa ce. Ga faɗa!"

Na daka tsalle na yi kansa. Yatsu biyu kawai na ji a ƙirjina, masu sanyi kamar na gawa. Da na farfaɗo a ciyawa, babu tsoho, babu sawunsa a raɓa.

Har yau Sani yakan ɗaga mini yatsu biyu: "Gwani, in shimfiɗa maka tabarma tukuna?"