Sabo Ya Fito Tun Azumi

"...lahiya lau, angon banza. Ina gajiyar zama gaban kwamfuta?"

"Ta bi lafiya, amarya. Haƙoran nan biyu dai suna nan?"

"Suna nan, kai suke jira."

Yusha'u ke nan, jikana, ɗan wajen ɗana Umaru. Da hantsi ya iske ni bayan gida a Yelwa ina juya kifi bisa banda. Shi ya yi wa ƙungiyarmu ta mata masu banda manhaja a waya, inda kowace ke kama wurinta a jirgin kasuwar Warra. Ni na tsaya masa, na sa mata arba'in suka ba da suna da lamba da hoto. Yau kwana tara wasu maza da ba mu sani ba suna kiran matan, su ambaci sunan mace, su gaya mata ranar da za ta hau ruwa. A wannan zamani ba mai jin haka hankalinsa ya kwanta. Mijin Lubabatu ya hana ta fita, kifinta na ta lalacewa. Gobe matan za su taru, kuma a kaina za su taru.

Na ce, "Zauna, ka gaya mini ta inda ɓarawo ya shiga ɗakin amaryarka."

"Ke da ba ki san alif ba, in gaya miki ki kai ina?"

"Ban san alif ba, amma na san jirgi mai yoyo. Faɗi."

"Akwai wani abu da muke sawa cikin manhaja, mu leƙa da shi mu ga inda take ciwo. Kamar madubin likita."

"Kai ka ƙera shi?"

"A'a. Wasu ne a duniya suka haɗu suka yi, suka bar wa kowa kyauta."

"Ashe kayan sadaka ka lulluɓe ni da shi. Dama kayan aro ba ya rufe katara."

"Kada ki zage su, tsohuwa. Su suka fara gano ɓarakar da ke jikin madubin, suka toshe, suka fitar da sabo, suka yi shela kowa ya sauya."

"Yaushe?"

Sai ya kama kallon hayaƙi kamar yau ya fara ganinsa.

"Kunnen ne ya tsufa ko bakinka? Na ce yaushe?"

"Tun azumi."

"Azumi. Mun yi sallah, mun yi layya, mun cinye naman har ƙashi. Kai kana ina?"

"In na sa sabon, wasu abubuwa sai sun wargaje, in yi sati ina gyara. Na ce ai wa zai kula da manhajar 'yan kifi a bakin tafki?"

"Ƙadangare ba ya tambayar gidan wa, tsaga yake nema. Kakanka, mijina na gaskiya, in an ce masa jirgin wani ya ɓule a Shanga, nasa yake kifewa ya duba."

"Shi ya sa ya mutu ya bar mini ke. Gajiya ta kashe shi."

"Ya mutu da mutuncinsa. Kai ko da ranka ake maka ta'aziyya."

Ya ce, "To ai jiya na toshe. Na sa sabon, daga baya ma na cire madubin gaba ɗaya. Yanzu ko aljani ba ya shiga."

"Sannu da rufe garke bayan kura ta ƙoshi. Lambar Lubabatu fa, ta dawo?"

"Abin da ya fita ya fita. Sai dai su sauya layi."

"To gobe ka zo ka gaya musu haka da bakinka."

"Haba amarya. Ki ce musu matsalar sabis ce. Wa zai gane?"

"Ni zan gane. Shekara talatin ban taɓa cusa wa mace ruɓaɓɓen kifi a ƙasan kwando ba, sai yau don kai?"

"In na faɗa, ba mai sake ba ni aiki daga nan har Ngaski."

"In ba ka faɗa ba, ni za su ce na sayar da su. Zaɓi wanda za a binne, mai gemu ko mai furfura."

"Mai furfura ai ta kusa dama."

"Na kusa, shi ya sa ba ni da lokacin wanke sabon suna. Kai kana da shekara hamsin na wanki a gabanka."

Na ci gaba da juya kifina, ban taya shi ba. Can ya ce, "In faɗi har da maganar azumin?"

"Da ita za ka fara. Sa'annan ka bi su gida-gida ka sauya musu layi, ka soma da mijin Lubabatu."

"Dauda? Mutumin nan da gatari yake gaisuwa."

"Sai ka tafi da wuyanka a wanke."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Kin ci ni, tsohuwa. Zan zo. Amma wa zai zauna kusa da ni gaban mata arba'in?"

"Ni mana. In sun gama da kai ina kusa, in fara takaba da wuri."